Zanen Ƙusar Maigidana

Shekarun baya ne, soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Lokacin ina da 'yar rumfar kanikanci a Ƙofar Ruwa. Ban yi boko ba. Duk abin da na sani a ƙarƙashin mota na koye shi, wurin maigidana. Shi ya tsince ni ina kwana a tasha, ya ba ni tuwo, ya ba ni sufana. Mari ma ya ba ni, ba kaɗan ba.

Ya tsufa ya ajiye aiki, amma bai ajiye tuƙi ba. Yana da wata tsohuwar mota da ta girmi 'ya'yansa duka. Ita ce ƙafarsa: masallaci, ɗaurin aure, jana'iza. To sai aka canja fetur, aka daina sa masa dalma. Mota ta rikice. Ka taka totur ta yi nauyi kamar an ɗaure ta da igiya, inji na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ga zafi.

Babban ɗansa, wanda abokina ne, ya same ni a rumfa. Ya ce jiya ta mace wa Baba a tsakiyar titi wajen Ƙofar Na'isa, saura kaɗan babbar mota ta kwashe shi. Shi da 'yan'uwansa sun gama magana: in ba ta gyaru ba zuwa Juma'a, 'yan gwangwan za su zo su ɗauke ta. Na san in aka raba tsohon nan da motarsa, an zaunar da shi ke nan.

Kafin ni, mutum uku cikin waɗanda ya koya wa aiki sun duba ta. Sun canja fulogi, sun wanke kafireto. Duk sun san taimin ne, wato lokacin da wuta ke kama mai a inji. Babu wanda ya taɓa. A gindin distributa, abin da ke raba wa fulogi wuta, akwai zanen da maigida ya yi da ƙusa tun muna yara. A garejinmu, inda maigida ya zana ba a gusarwa. Ka gusar, ka ce ya yi kuskure ke nan. Ga mu da furfura, har yanzu gabanmu na faɗuwa.

Na je gidan maigida da safe, muka zaga da ita ni da shi.

Na ce, "Baba, ka ji ƙarar nan?"

Ya ce, "Wace ƙara, ja'iri? Lafiyarta ƙalau, ragwanci ne irin naku."

A nan na gane. Mutumin da yake saita inji da kunne kawai, kunnen ya tafi. Na tsayar da mota na buɗe bonet.

Na ce, "Zanenka daidai yake, Baba. Man da ka yi shi dominsa ne babu. Wannan na yanzu, wuta na riga shi."

Ya daɗe yana kallon zanen. Sai ya ce, "To me kake jira? Murɗa mana."

"Ni? Haba! Ba ni zan taɓa ba."

Na miƙa masa sufana. Na ce shi hannu, ni kunne. Ya sassauta noti, ya mayar da distributa baya kamar kaurin ashana. Muka nufi hawan Goron Dutse, na sa babbar giya na taka. Na ce da saura. Ya zage ni, ya sauka ya ƙara. A karo na uku tsakuwar ta yi shiru, mota ta haye kamar an sake ta. Bai ji ba, amma ya ji kujera ta tura bayansa. Ya juya fuska waje, wai iska ce ta shigar masa ido.

Da muka koma ya ce wa ɗansa, "Na gyara abata. Wannan kuma ya riƙe min sufana."

Na ce haka aka yi.

Ni ba mutum ne mai taushin baki ba, matata ma shaida ce. Amma ranar na gane cewa gyaran ƙarfe shi ne mai sauƙin. Da na murɗa da kaina, da mota ta tashi tsoho ya kwanta. Ya ci gaba da tuƙa abarsa har idonsa ya gaza, kuma da hannunsa ya miƙa makulli, ba ƙwace masa aka yi ba. Allah Ya jiƙansa. Har yau babu aikin da na yi da nake alfahari da shi kamar wannan da aka ce ba ni na yi ba.