Tsohon Benen Bayan Sito

A ƙarshen shekarun saba'in na gama karatun jinya, sai wata masana'antar alawa da biskit a Bompai ta ɗauke ni aiki. Na zaci wani ɗan ɗaki za a ba ni kusa da injina. Sai ga maigadi ya zagaya da ni bayan sito, ya nuna mini wani tsohon bene a tsakiyar bishiyoyin darbejiya, ya ce, "Sista, ga asibitinki nan."

Wani Bature mai sayen gyaɗa ne ya gina shi tun ba a haife ni ba. An ce fasalin gidan kakanninsa na can ƙasarsu ya zana wa magina, su kuwa suka gina masa da abin da suka saba, tubali da azara. Ƙofa na tsakiya cif, tagogi dama da hagu, na sama suna saitin na ƙasa. A saman ƙofar akwai gilashi kamar rabin faifai. Tagogin ma ba buɗe su ake yi ba, sama ake tura su. Amma in ka shiga falo ka ɗaga kai, daurin guga za ka gani irin na soron attajiran cikin birni. Har murhun jin ɗumi Baturen ya sa aka yi masa a jikin bango, a garin Kano! Ni dai randa na girke a ciki.

Na ji daɗin gidan nan ƙwarai. Kaurin bangonsa ya kai tsawon hannuna, ko ana tsananin bazara ciki sanyi ƙalau. Waɗanda suka yanke da waɗanda narkakken sukari ya ƙona su ne majinyatana na gaskiya, amma da azahar sai masu ciwon kai su yi yawa, su kwanta a benci, in barci ya sake su su tashi garau. Matan sashen ƙunshe alawa kuma a sama suke shayar da 'ya'yansu lokacin hutu.

Wata damina indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, bangon gabas ya tsage. Sabon manajanmu, wani Alhaji mai fara'a da son aiki, ya ce a rushe benen a samu wurin ajiye manyan motoci. Na same shi a ofis na ce, "Ranku ya daɗe, da za ku zo ku gan shi tukuna."

Ya yi murmushi ya ce, "Sista, na bulo za mu gina miki, har da fanka. Me za ki yi da gidan ƙasa?"

Washegari da na tashi aiki na hau bas zuwa gidan adana kayan tarihi na cikin birni, na kwashe labari na faɗa wa wani malami da na tarar. Bai ko bari na gama ba ya ɗauko kyamara. Da ya iso Bompai a kan Vespa ya ga benen, sai ya yi ta zagaye shi yana shafa bango, yana salati. Ya ce bai taɓa ganin ginin da Bature da Bahaushe suka haɗu a cikinsa haka ba. Ya ce shi ba shi da ikon hana rusau a lokacin, amma zai roƙi manaja ya zo su duba tare.

Alhaji ya zo kuwa, yana ta kallon agogo. Malamin ya nuna masa tsagar, ya ce gyaruwa za ta yi, muddin dai ba a shafa siminti ba, don siminti kan riƙe danshi ya cinye ƙasar ta ciki. Alhaji ya cire hula ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon daurin gugan nan.

Can ya ce, "Irin na soron kakana ne sak. A ƙarƙashinsa na yi karatun allo. Bara waccan aka rushe shi aka yi shaguna." Ya mayar da hularsa ya juyo gare ni. "Sista, zan kawo ƙasa da magina. Motoci kuma sa tsaya a bakin katanga. Amma hannu fa sai ku nemo."

Hannu bai yi wuya ba. Ranar Lahadi ma'aikata suka cika wurin, wasu a keke daga Dakata, wasu a ƙasa. Mutanen Nijar da ke sashen tukunyar sukari suka naɗe wando suka shiga kwaɓa, suna tattaka ƙasa da waƙarsu. Mata na ɗebo ruwa, ni ina raba kunun tsamiya da karyayyen biskit. Wani tsohon magini daga cikin birni yana kan tsani, ana cilla masa curi yana cafewa yana yaɓawa. Har shugaban masu lissafi, wanda ba mu taɓa ganinsa babu kwat ba, ya zame ya zauna daɓas a cikin kwaɓar. Shi ya fi kowa dariya.

Bayan ginin ya sha iska aka shafe shi da makuba, ya yi ja yana ƙyalli. Malamin ya dawo ya ɗauke mu hoto a bakin ƙofa, ya kuma shigar da benen cikin gine-ginen da ofishinsu ke lura da su. Tun daga nan kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai a sa ranar gyaran soro, ba sai na roƙi kowa ba.

A saman benen nan ne, bayan gyaran, na karɓi haihuwar wata mai ƙunshe alawa da naƙuda ta kama a bakin aiki, motar kamfani kuma ta fita. Mace ta haifa. Ranar suna mijinta ya aiko mana da ƙafar rago, muka soya a gindin darbejiya ni da matan sashensu, muka ci har muka makara komawa aiki.