Kadunar da Malam ya ba ni

Ana kiran assalatu muka bar Malumfashi, ni da ƙanen maigidana, kwana kaɗan bayan na fita takaba. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, in na yi kuka a dakata.

Malam, maigidan nawa, ya tsufa yana sayar da goro a tashar Kawo, can ya rasu, can aka binne shi. Ban taɓa taka Kaduna ba, amma na san ta kamar tsakar gidana, don duk zuwan da zai yi sai ya zana min ita da baki. Abin da ya rage min nasa ke nan. Na so in ga ɗakinsa, ina kuma tsoron kada idona ya ƙwace min abin da kunnena ya adana.

A Zariya muka sauya mota, na sayi ƙosai mai tsada, mai ya fi wake yawa. Da yaron mota ya yi ihun Katabu sai na ɗago kai, don a bakin Malam na saba jin sunan. Na leƙa, rumfuna ne da tsofaffin tayoyi. A Kawo hayaniya ta rufe ni, ga Kananci ga Sakkwatanci ga yaren da ban sani ba, ba wanda ya yi kama da mutanen labarinsa.

A Badarawa muka ɓata, lungu ya yi kama da lungu. Sai na runtse ido na maimaita maganarsa: ka bar masallaci a dama, ka bi ƙarar injin niƙa, in ka ji warin kwata ka karya hagu. Ƙafata ta tafi kamar wani ne ke jan hannuna. Na buɗe ido a ƙofar gidan. Mangwaron da yake yabo ɗan tsugul ne, famfon da wai ba ya ɗaukewa ya yi tsatsa.

Matar mai gidan ta tarbe mu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Baba, ke ce yayarsa?"

"Matarsa ce ni."

Ta ja da baya. "A'a. Matarsa doguwa ce mai wushirya, dariyarta har waje ake ji. Kullum da la'asar yana ba mu labarinta, har mukan ji kamar tana zaune a ɗakin."

Haƙoran wushiryar tawa sun daɗe da zubewa. Na tsaya kamar ni ce wadda ta mutu, waccan kuma tana ciki tana jiransa.

Ta buɗe ɗakin. Ba kowa, ba kaya, sai sanyi da tsakar rana. A bango akwai wani baƙin shaci na maiƙo, inda ƙeyarsa ta shekara tana jingina. Wannan bai taɓa faɗa min ba. Na kai goshina wurin, na ji ƙamshin kansa. Ban san sunan abin da ya kama ni ba, ban kuma nema ba.

Washegari muka dawo gida. Maganarsa ce ta kai ni har ƙofa, amma abin da na samu a ciki ba ya cikinta. Maƙwabta suna ta tambayata yaya Kaduna. Sai in ji bakina yana ba su tasa Kadunar, da babban mangwaro da famfo mai ruwa. Bangon kuwa ban faɗa wa kowa ba sai yau. Allah Ya jiƙan Malam.