Bodin da aka ɗaure da igiyar fata

"Mi kaka biɗa ƙarƙashin mota, ɗan boko?" in ji dillalin, ni kuwa ina kwance a ƙasa da farar rigata.

A garin Bodinga ke nan, zamanin Turawa. Lokacin, lori da kai da ƙarfen gindi kawai take zuwa, kafinta ke ƙera mata bodin katako. Baffana na Kajiji zai ba da shanunsa a kan wannan lorin, don dillali ya rantse don ita aka auna bodin.

Ni da na tashi a kasuwar albasa, ba na yarda da saman buhu.

Hudojin katakon ba su hau na ƙarfen ba. Notin gaba kaɗai suka shiga, baya an ɗaure da igiyar fata, an shafe da baƙin mai.

"Wagga fata fa, Malam?" na tambayi dillalin a gaban Baffa.

Ya yi murmushi. "Don mota ta riƙa numfashi bisa gargada."

Baffa ya saɓa sandarsa. "In numfashi nika so, shanuna na yi."

Wani ya saye ta, ta daɗe tana dakon albasa a hanyar Shagari. Ni dai har yau ina zargin bayan tafiyarmu suka gyara hudojin. Makanikai, fata na riƙe bodi?