Bujen da Na Saya a Kasuwar Maraɗi

Mun tashi daga Madarumfa ana fitowa sallar asuba, ni da gwaggona, a wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi. Dala sittin kowa, akuyar da ta kwanta bisa ƙafata har tasha ita ban san nawa ta biya ba. Na ci jarrabawar brebe ta gama ƙaramar sakandare, za mu Maraɗi sayen akwati da kaye, wato littattafan rubutu, na shiga lise, babbar sakandare. Gonaki duk sun bushe. Gero ya tsiro ya tsaya, an kusa wata ba ɗigon ruwa, kuma ba wata hira a motar sai wannan.

Tun ina ƙarama nake son babbar kasuwar Maraɗi. Baba yakan ce sadda kakanmu ke kai gyaɗa bisa jaki rumfunan zana ne kawai, kuɗin gyaɗa da fataucin Najeriya suka kawo kwano da siminti. Kana shiga rana ta sake ka. Layin atamfa da sanyinsa da ƙamshin sabon yadi, layin yaji kuwa sai ka yi atishawa kafin ka yi sallama. Muka sha furar dala biyar a bakin ƙofa.

Muka fara da rumfar wani Alhaji mai kayan sawa, abokin Baba, wanda tun ina goye yake ce mini ɗiyata. A hannunsa bara na sayi bujen da ke jikina ran nan, shuɗi, har ƙasan gwiwa, irin na 'yan makaranta masu zuwa lakwal. Ga irinsa nan rataye bisa kansa. Ya yi mini barka, ya ce Baba ya haifi likita.

Ban yi nisa da rumfarsa ba na ji wani ya ce, "Ga irin masu sa bujen da ke hana mana ruwa." Ban ɗauka da ni ake ba sai da dutse ya same ni a kafaɗa. Maza suka taso, masu dako da masu ciniki. Wani ya fizge kallabina, wani ya kamo bujen ta baya ya yage. Aka raba ni da gwaggo. Layukan nan da nake so ashe ƙunci gare su, ba wurin gudu. Na koma rumfar Alhaji ina riƙe da yagen.

"Baba Alhaji, ni ce."

Ya dube ni, ya dubi taron. Sai ya miƙe ya shiga sauke bujunan da ke rataye yana cusa su ƙarƙashin tebur.

Wata tsohuwa mai daddawa, wadda ban taɓa gani ba, ita ta jawo ni bayan kwandunanta, ta ɗaura mini mayafinta, ta tsaya a gabana.

"Ku taɓa ta, ni ma in tuɓe a nan, mu ga ko ruwan zai sauko."

Suka watse ɗaya-ɗaya. Nan gwaggo ta same ni, ƙafarta ɗaya ba takalmi.

Mun dawo gida da azahar, ba akwati ba kaye. Baba ya ce a bar maganar, Alhaji mutumin kirki ne, tsoro ya ji. Kwana huɗu bayan nan aka yi ruwa, maƙwabciyarmu ta ce to, ba ga shi ba.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: kasuwar da ta sayar maka da abu tana iya jifanka a kansa, kuma mai ce maka ɗiyata hajarsa zai fara ɓoyewa. Mayafin tsohuwar yana nan na ninke, har yau da warin daddawa. Ya kamata in mayar mata. Sau biyu ina zuwa tasha, ƙafata ta ƙi hawa motar.