Baba Sai-An-Yi-Ruwa

Yau da safe ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon ruwan sama, sai wayata ta yi ƙara. Kabiru ne, babban ɗan Baba Sabo. Ko gaisuwa bai iya ƙarasawa ba, ya ce, "Yaya Auwal, Baba ya tafi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce, "Wane Baban?" Kamar dai muna da wani.

Ya ce lafiyarsa ƙalau ya yi sallar asuba, ya sha kokonsa, ya leƙa ta taga ya ga hadari ya haɗu, ya ce, "Yau ranar aiki ce." Ya koma ya ɗan kishingiɗa. Shi ke nan.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Sabo dillalin gidaje ne a Abakpa, kuma shi ya koya min sana'ar da nake ciyar da iyalina da ita. In ka ce Malam Sabo ba lallai a gane ba. Amma ka shiga Abakpa ko Unguwar Sarki ko Malali ka ce Baba Sai-An-Yi-Ruwa, har masu a-daidaita za su kai ka bencinsa.

Tun ɗazu nake so in rubuta abin tausayi, amma duk abin da na tuna game da shi dariya yake ba ni. Ku yi haƙuri, haka mutumin yake.

Haɗuwarmu ta farko, ni ne kwastoman. Bikina ya matso, dangin amarya sun sa ni gaba a nuna musu inda za su yi jere, ni kuwa ko ɗaki ban kama ba. Aka tura ni wurinsa. Ya ce akwai ciki da falo nan bayan layinsu. Na ce to mu je yanzu.

Ya ɗaga kai ya dubi sama, gari wasai, ko gajimare babu. Ya ce, "Ango, sai an yi ruwa."

Na ce, "Baba, gida fa zan gani, ba gona ba."

Ya ce, "Ai shi ya sa. Da rana kowane gida mutumin kirki ne."

Na tafi ina ƙunƙuni, a raina ina cewa tsohon nan ja min rai kawai yake yi. Ranar da ruwa ya sauko sai ga shi a ƙofar gidanmu da wata tsohuwar baƙar laima, ya nannaɗe ƙafar wando. Duk hanya ni ya riƙe wa laimar, shi kafaɗarsa na jiƙewa. Muna shiga ya tsayar da ni a tsakiyar ɗaki, ya nuna silin da yatsa. Ɗis, ɗis, daidai inda gadon amarya zai zauna.

Bai tsaya nan ba. Ya ce rijiyar tana ƙafewa da bazara. Maƙwabcin hagu mai walda ne kuma bai san Lahadi ba. Na dama yana kiwon talotalo. "To, ka dai ji. In kana so ga shi, in ba ka so mu nemi wani."

Na ce, "Baba, anya kana son a karɓi gidan nan kuwa?"

Ya ce, "Ina so mana. Amma na fi son in mun haɗu a masallaci ka gaishe ni."

Na karɓi gidan bayan mai shi ya gyara kwano. Maganar talotalo kam, Baba bai ƙara ko gishiri ba. Kuma tun daga ranar bai sake sanin sunana ba, Ango ne, har yarana suka shiga makaranta.

Da kamfanin da nake wa aiki ya rufe, shi ya ce in dawo benci in zauna kusa da shi. Lokacin nan ina cikin wani hali, ban kuma gaya wa kowa ba. Kullum da rana sai ya buɗe kwano ya ce, "Kai, Inna ta cika min abinci, taimake ni." Sai daga baya Inna, matarsa, ta gaya min shi ne ya ce ta riƙa zuba na mutum biyu.

Za ku ce to da rani fa? Da rani farcensa ne ke aiki. In ya ga sabon fenti a ƙasan bango sai ya ɗan kankare, ya nuna maka shatin ruwan bara. Sannan ya yi sallama da maƙwabta ya ce, "Ku gaya masa gaskiya, ni zan koma can gefe."

Su ma masu gida haka yake gaya musu. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Alhaji, mutumin kirki ne. Amma yaransa maza ne reras, kuma ƙwallo suke bugawa. Ka san yadda za ka yi da gilashin tagarka."

Abu ɗaya ne ba ya faɗa. Wata Hajiya ta taɓa matsa masa sai ya gaya mata me ya tashi mutanen da suka bar wani gida, don ta ji ƙishin-ƙishin auren ne ya mutu. Ya ce, "Hajiya, aibin gida nake faɗa. Na mutane ba a ba ni shi in yi talla ba." Ya juya ya ci gaba da nuna mata famfo.

Da na fara ɗaukar bidiyon gidaje ina sakawa a shafina nan, ya karɓi wayar ya ƙura mata ido. "Ango, wannan falon na ina ne?"

"Wanda muka fito yanzu ne, Baba."

"A'a. Wanda muka fito yanzu kujeru ma da ƙyar za su shiga. Wannan kuwa ai sai a ɗaura aure a ciki. Wayarka ta iya zuƙi."

Ya sa muka koma na sake ɗauka yana tsaye a tsakiya. Ku da kuka daɗe kuna bibiyata, tsohon nan da kuke gani ya buɗe hannuwa kamar zai tashi sama, kuna tambaya ko motsa jiki yake, to shi ne. Awo yake muku.

Kada ku ɗauka abin bai ci masa ba. Masu gida da yawa sun janye daga wurinsa. Waɗanda suka fara dillanci a bayansa sun buɗe ofis da na'urar sanyi, shi yana nan a bencinsa. Ya sani sarai, bai kuma taɓa zagin kowa a cikinsu ba.

Ganina na ƙarshe da shi Juma'ar da ta wuce ne, kuma da damuwa na je.

Wani Alhaji ya damƙa min makullan gidajensa na Malali gaba ɗaya, aikin da ban taɓa samun irinsa ba. Ɗaya daga ciki, in ruwa ya yi ƙarfi kwata takan cika ta shigo ɗakin baya. Alhaji ya sa an yi fenti, ya ce min, "Ba na son surutun maigidanka. Ka nuna gida ka ja bakinka. In ba za ka iya ba, ejan sun yi yawa a garin nan."

Ga kuma Malam Nura, wani malamin makaranta, ya ga gidan da rana ya ce ya yi masa. Ɗakin bayan nan mahaifiyarsa zai saka, tsohuwa mai fama da ciwon ƙirji.

Na zayyana wa Baba komai, ina jiran wa'azi. Yana ɓarar dafaffiyar gyaɗa, ya ce, "Tsohuwar ta iya iyo?"

Ban san lokacin da na fashe da dariya ba.

Ya ce, "Ni ba zan ce maka komai ba, kai ma yanzu babba ne." Ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo laimar ya miƙo min. "Riƙe. In ka gama ka dawo min da ita, ba kyauta ba ce."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau an kai shi makwancinsa kafin azahar, ana yayyafi. Daga maƙabarta ban wuce gida ba, na kira Malam Nura na ce ya same ni a Malali yanzu, kafin ruwan ya janye. Na riƙe masa laima har ƙofa, ni kafaɗata na jiƙewa. Muka buɗe ɗakin baya. Ruwa har idon sawu, ga silifas ɗin mai fenti na yawo a kai.

Malam Nura ya dubi kusurwar ɗakin. Can ya ce, "Nan fa na so in sa gadon Mama."

Da kaina na kira Alhaji na gaya masa abin da na yi. Ana idar da la'asar direbansa ya zo ya karɓe makullan duka. Ba zan ɓoye muku ba, na ji zafi, kuma ban san yadda wata mai zuwa zai zo mana ba.

Ina zaune haka, sai ga kiran Malam Nura. Ya ce, "Malam Auwal, ka nemo min wani gidan. A hannunka nake so." Na ce in sha Allahu, akwai wani a Unguwar Sarki. Kafin in ƙarasa ya katse ni yana dariya. "Na sani, na sani. Sai an yi ruwa."

A nan ne kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace min, ina yi ina dariya.

Laimar ga ta nan jingine a bayan ƙofa, har yanzu tana ɗiga. Ya ce in na gama in mayar masa. Na gaya wa Kabiru ya yi haƙuri, ban gama ba tukuna.

Allah Ka jiƙan Baba Sabo, Ka yafe masa kurakuransa, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bayinKa. Ka yalwata masa makwanci, Ka ba shi gidan da babu aibin da za a nuna a cikinsa. Ka ba Inna da su Kabiru haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a. Musamman ku da ruwa ke sauka yau kuna zaune a ɗaki busasshe saboda shi.