Na Tsakiyar Sahu a Guri

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da malamin asibiti ɗaya. Hedkwata ce ta aike mu duba tsofaffin sojan da aka sallama bayan yaƙin Bama, wato Yaƙin Duniya na Biyu, aka ajiye su ko-ta-kwana a ƙasar Haɗeja. Aikinmu uku ne: kiran suna, duba kaya, duba lafiya. Wanda ya gaza, a cire sunansa, a karɓe kakinsa.

Jirgin ƙasa ya sauke mu a Malam Madori, lori ta ƙarasa da mu Haɗeja, muka gama da mutanen can lafiya. Washegari sai kwalekwale zuwa Guri, don ruwa ya cinye hanya, ba ka ganin komai sai shinkafa da balbela. Bandar kifi araha ce. Abokin tafiyata ya ci har na fara tsoron nauyinsa ya nutsar da mu.

Mutum goma sha biyu muka tarar, takalma rataye a wuya saboda laka. Sai a bakin fili suka sanya su. Aka fara fareti, taku ɗaya, babu kuskure. Amma na lura na tsakiyar sahu kullum kafaɗarsa manne take da ta maƙwabtansa. Na miƙa masa sabuwar ɗamara, ya kai hannu inda ba ta nan.

Kofur ɗinsu ya matso. "Ranka ya daɗe, Saje, damina biyu ke nan idonsa ya tafi. Shi yake busa mana begila, ƙahon soja, a Bama. Mu ne idonsa yanzu."

Na tsakiyar sahun ya ƙame ya ce, "Rubuta gaskiya, Saje. Kakin nan dai nake roƙo a bar mini. Ranar fareti kaɗai nake shiga mutane."

Malamin asibiti ya duba idonsa, ya girgiza kai.

Ban taɓa rubuta ƙarya ba, ranar ma ban fara ba. Na rubuta abu uku. Na ɗaya, ba ya gani. Na biyu, ba ya kuskuren taku. Na uku, Guri ba su da mai begila, ga shi kuwa a cikinsu.

Mun dawo Kano ranar Alhamis. Hafsanmu ya karanta, sannan ya sa hannu. An tura begila Guri, ba a cire sunan mai busa ta ba.

A da na ɗauka aikin hedkwata ta gano wanda ya gaza ne. Tafiyar nan ta koya mini har da nemo inda mutum zai tsaya.