Tafin Hannu a Bangon Mota

Ban taɓa yin aikin da ya ci mini ƙugu kamar fentin cikin motar nan ba. Kwana uku ina durƙushe kamar mai neman allura.

Shekarun baya ina da wata tsohuwar bas. Na cire kujerun baya na shimfiɗa katifa, da ita nake bin kasuwanni ina sayar da takalma, a ciki nake kwana. Mahaifiyata ba ta taɓa yarda ta shiga ba, wai warin akurki take yi. To sai yanar ido ta rufe mata gani, aka ba mu rana a Jahun za a yi mata aiki. Zama a motar haya ya fi ƙarfinta, sai dai a kwantar da ita. Ta ce in dai a akurkin nan ne, a bar ta da makantarta.

Na ce shi ke nan, zan mayar da motar sabuwa. Abokina mai fentin mota a Takur ya ce in kawo ya fesa mini. Na ce me zai gagare ni? Na sayi fentin ƙofa mai mai, ruwan toka, na sirka da kananzir. Ga damina, na kuma rufe tagogi don kada kaji su shiga. Sai yanzu nake tunani, mai yanar ido na zaɓa wa launi.

Ranar tafiya fenti bai bushe ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙa.

"Wannan kuma warin mene ne?"

"Fenti ne, Inna. Don ke na yi."

Ta ce, "Allah ya shirye ka. Kama ni."

Ta lalubi bango ta dafa, ta hau. Hannun ya fito dumu-dumu, ta goge a rigata.

Aiki ya yi kyau. Da aka cire mata bandeji muka zo hawa mota, ta ƙura wa bangon ido. Yatsu biyar ne ras.

"Wane ƙazamin ne ya ɓata maka sabon fenti?"

"Yaran unguwa ne, Inna."

"Marasa tarbiyya. Ka sa a goge."

Da yamma abokina ya gani, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam gwani! Kawo ta gobe in kankare wannan aika-aikar."

Inna ta rasu bayan shekara huɗu, har lokacin tana zura zare a allura da kanta. Motar ma injinta ya mutu, tana nan a bayan gida. Ni ba mai yawan tunani ba ne, amma nakan shiga in ɗora hannuna a kan nata. Ashe ƙarami ne haka.

Washegarin ranar da abokina ya yi mini dariyar nan dai, da safe na kai masa motar. Na yanki kwali na liƙa a kan hannun, na ce ya fesa ko'ina, ban da nan.